AN ƊAGE DOKAR KULLE, AMMA TEƁA TA ƘI TAFIYA

A ƙasar Hausa idan aka kwana biyu ba a ga mutum ba, sa'an nan ya ɓullo da kumatu, wuya ya cika, akan tarye shi da fara'a a ce masa lalle wuri ya karɓe shi, ko kuwa a ce uwargida ta iya kiwo. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce ai sai godiya. Irin wannan gaisuwa ta yi yawa ƙwarai a tsakiyar shekarar 2020, sa'ad da aka ɗage dokar kulle ta annobar korona, jama'a suka fara haɗuwa a masallatai da kasuwanni da ofisoshi bayan sun yi makonni ba su sa juna a ido ba. An yi ta raha, an yi ta zolayar masu sabon tumbi, kowa ya watse yana dariya.

To, dariya ta wuce, annoba ma ta lafa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa ran 5 ga watan Mayu na 2023 cewa cutar ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Amma ƙibar da aka tara a zaman nan, da halayen da suka haife ta, ba su bi dokar sun tafi ba. Suna nan a gidaje da yawa, kuma su ne ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya a hankali, ba tare da mai jikin ya farga ba. Saboda haka ya kamata a waiwaya a ga yadda abin ya faru, domin wanda ya san ƙofar da ɓarawo ya shigo shi ya san inda zai toshe.

YADDA AKA RUFE ƘOFOFI

Ran 27 ga watan Fabrairu na 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu duka, an ce wa ma'aikatan Gwamnatin Tarayya masu matakin albashi na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. Ran 29 ga Maris Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi jawabi ya sa dokar hana fita a Legas da Ogun da Abuja. Jihar Kaduna ta riga su, domin tun 26 ga Maris Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya rufe ta, kuma ba a buɗe ba sai bayan kwana 75. A Kano an sami mai cutar na farko ran 11 ga Afrilu, dokar ta fara aiki ran 16 ga wata, daga baya aka riƙa sassautawa ran Litinin da Alhamis don mutane su sayi abinci, ba a kuwa ɗage ta ɗungum ba sai farkon watan Yuli.

A tsakanin nan an hana zirga-zirga daga jiha zuwa jiha, an tsayar da wasan ƙwallo, an hana taron biki da na suna. Azumin shekarar ya kama ran 24 ga Afrilu, mutane suna kulle, aka koma sauraron tafsiri ta rediyo da talabijin. An yi Ƙaramar Salla ran 24 ga Mayu babu hawa a Kano, aikin Hajji ma bai yiwu ga maniyyatan ƙasashen waje ba a wannan shekara. Yawancin 'yan makaranta ba su koma aji ba sai wajen watan Oktoba, ɗaliban jami'o'in gwamnati kuwa yajin aikin malamansu ya haɗu da annoba, suka zauna gida daga Maris har ƙarshen Disamba.

WANI YA RAME, WANI YA CIKA

Ba za a yi maganar ƙiba a wannan lokaci ba sai an fara faɗin gaskiya game da yunwa. Ga ɗan dako da mai tura baro da mai sayar da shayi da direban a-daidaita-sahu, waɗanda sai sun fita suke samun na cefane, dokar kulle ba hutu ba ce, masifa ce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bi gidaje ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu na 2020, ta tarar kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke da aikin yi kafin annoba sun daina aiki, kuma kashi 79 cikin ɗari na gidajen sun ce abin da ke shigo musu ya ragu. Ga kuma tsadar abinci, wadda hauhawarta ta tashi daga kusan kashi 15 cikin ɗari a Maris na 2020 ta haura kashi 22 a Maris na 2021.

Watau dokar ta raba jama'a gida biyu. Akwai waɗanda suka rame, akwai kuma masu albashi da manyan 'yan kasuwa da iyalansu, waɗanda kuɗi bai yanke musu ba, abinci na nan jibge a ɗakin ajiya, aiki kuwa babu. Amma kada a ɗauka ƙiba ta tsaya a gidan mai hali kaɗai. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, abin da magidanci ke fara yankewa shi ne nama da kifi da ƙwai da kayan marmari, ya koma ga abin da ke cika ciki da araha, kuma ba ya lalacewa idan an ajiye, watau garin rogo da taliya da shinkafa da sukari da mai. Ko kayan tallafin da aka tanada don rabawa, waɗanda jama'a suka gani da idonsu lokacin da aka fasa rumbunan ajiya a watan Oktoba na 2020, yawancinsu irin waɗannan ne. Irin wannan cima tana iya sa jiki ya yi nauyi alhali jini bai ishe shi ba, sai ka ga uwa da ƙiba tana goye da yaron da bai sami abinci mai gina jiki ba, duk a gida ɗaya.

TAFIYAR DA BA A LISSAFAWA

Mutane da yawa sun ɗora laifin ƙibarsu a kan ci, suka ce zaman gida ya buɗe musu ciki. Da gaskiyarsu, amma rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin shi ne motsin da mutum ke yi kullum ba tare da ya kira shi motsa jiki ba. A ɗauki misalin magidanci wanda masallacin unguwarsu ke da nisan tafiyar minti biyar daga ƙofar gidansa. Zuwa da dawowa sau biyar a yini, ya yi tafiyar minti hamsin ke nan, bai sa takalmin gudu ba, bai biya kowa ko kwabo ba. A ƙara da zuwa bakin titi neman mota, da zagayen kasuwa, da hawa matakalar ofis, da rakiyar baƙo, da zuwa gaisuwar mutuwa da duba marar lafiya. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma ashe ƙafar ma tana cin riba a cikinsa. Dokar kulle ta share duk wannan a dare ɗaya.

An ma auna abin. Wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka sun duba ƙidayar taku da wayoyin hannu ke yi wa masu su, na mutum sama da 450,000 a ƙasashe 187. Suka tarar cikin kwana 30 da ayyana cutar a matsayin annobar duniya, wadda aka yi ran 11 ga Maris na 2020, takun da mutane ke yi a yini ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. Da suka sake dubawa daga baya, sai suka ga har farkon 2022 tafiyar ba ta koma yadda take kafin annoba ba.

Lissafin yadda wannan ke zama kitse ba shi da wuya. Abinci makamashi ne, ana kuwa auna ƙarfinsa da ma'aunin da ake kira kalori. Abin da jiki bai ƙone ba sai ya mai da shi kitse ya ajiye, kuma kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri takan ƙone kalori 130 zuwa 150 ga matsakaicin mutum. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori wajen 120. To, wanda ya daina tafiyar, sa'an nan ya ƙara ɗan soye-soye, ya sami rarar kalori 200 ko fiye kowace rana, a kwana 75 irin na Kaduna ya tara 15,000, watau kusan kilo biyu. Wannan fa na mai kamewa ke nan. Wanda ya haɗa da lemon kwalba da cin dare, nasa ya ninka.

TUKUNYA, TALABIJIN DA RASHIN BARCI

Zaman gida ya sauya lokutan ci. Mai aiki a da yakan karya, ya fita, ya ɗan taɓa wani abu da rana, ya dawo ya ci tuwon dare. Da ya zauna gida sai ɗakin girki ya zama taku goma daga inda yake kishingiɗe, kowace tukunya aka sauke sai an ɗanɗana masa. Matan gida kuma, da yara suka cika gida babu makaranta, suka shiga gwada sababbin girke-girke da suke gani a waya, su cincin da fanke da kek da sauran kayan fulawa, waɗanda duk fulawa ce da sukari da mai. Wanda ke ci idonsa na kan talabijin ko waya ba ya jin lokacin da ya ƙoshi, sai dai ya ga kwano ya ƙare.

Azumi ma, wanda ya kamata ya rage wa jiki nauyi, ya zo a juye. An wuni ana barci saboda babu wurin zuwa, da an sha ruwa sai a auka wa ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai, a kora da kunu da zoɓo da aka zuba wa sukari ba awo. A shekarun da suka saba, bayan buɗa-baki akan tashi a tafi asham, a yi tafiya, a yi tsayuwa, abincin ya faɗa. A 2020 daga tabarmar buɗa-baki sai kujerar kallo, har sahur ya riski mutum cikinsa bai sauka ba.

Sai kuma zullumi. Kullum da dare hukuma na fitar da adadin waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, ga jita-jita a waya, ga tunanin kasuwa da ta tsaya. Likitoci sun san cewa damuwa mai tsawo tana sa jiki ya riƙa fitar da wani sinadari da ke ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo, yana kuma tara kitse a ciki. Haka nan ƙarancin barci yana rikita sinadaran da ke gaya wa mutum ya ji yunwa ko ya ƙoshi, shi ya sa wanda ya raba dare yana latsa waya yakan tashi da yunwa fiye da wanda ya yi barcinsa na awa bakwai ko takwas.

ABIN DA SIKELI YA NUNA

Ba Nijeriya kaɗai abin ya shafa ba, kuma ƙasashen da suka saba auna jama'arsu sun fitar da alƙaluma masu ban tsoro. A Amurka ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta tambayi manya a watan Fabrairu na 2021, kashi 42 cikin ɗari suka ce sun ƙara nauyin da ba su so ba, kuma rabin waɗannan sun ce ƙarin ya kai wajen kilo 7 ko fiye. A Ingila hukumar lafiyar jama'a ta tambayi mutum 5,000 a 2021, kashi 41 cikin ɗari suka ce sun ƙara nauyi tun kullen farko, a matsakaici kilo 4.

Na yara ya fi tayar da hankali. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta duba bayanan yara da matasa sama da 430,000 masu shekara 2 zuwa 19, ta tarar saurin ƙaruwar nauyinsu ya kusa ninkawa a watannin annoba. A Ingila, inda ake auna 'yan firamare kowace shekara, masu matsananciyar ƙiba a cikin 'yan shekara 10 zuwa 11 sun tashi daga kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 25 da rabi a shekara ɗaya tak. Da aka koma makaranta adadin ya sauko, amma shekara biyu bayan haka yana nan sama da kashi 22, bai koma inda ya taso ba. Darasin da ke ciki shi ne, ƙiba tana shiga da gudu, fita kuwa sai da rarrafe.

A nan gida annoba ta tarar da abin ya riga ya kankama. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2008 ya nuna kashi 22 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. A 2013 suka zama kashi 25, a 2018 kashi 28, kuma abin ya fi yawa a birane. A wannan bincike na 2018 ɗin dai aka ga kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Ƙasa ɗaya, ciwo biyu masu kama da kishiyoyin juna, alhali uwarsu ɗaya, watau rashin cin abin da ya dace.

MAZA SUN ƊANƊANA KULLE

Ba banza ba Hausawa suka kira dokar hana fita da sunan kulle, kalmar da tun asali ake faɗa wa zaman matan aure a cikin gida. Abin da maza suka yi wata biyu ko uku suna kuka da shi, shi ne zaman yau da kullum na mata da yawa a birane. A da, ko mace ba ta fita, aikin gida ya ishe ta motsa jiki. Ga daka, ga surfe, ga niƙa a dutse, ga jan ruwa a rijiya, ga sharar tsakar gida mai faɗi. Yau inji ya karɓi niƙa da surfe, famfo ko mai ruwa ya karɓi guga, gidan haya kuma ɗaki biyu ne da ɗan baranda. Sauƙi ya samu, kuma babu mai cewa a koma wahalar da, amma ba a sami abin da ya maye gurbin motsin da aka rasa ba.

Bugu da ƙari, al'ada tana yaba mace mai jiki, har wasu 'yan mata da amare sukan sayi ƙwayoyin sa ƙiba a kemis ba da izinin likita ba. Cikin waɗanda ake sha har da deksametason, maganin da masu bincike na Jami'ar Oksfod suka tabbatar a watan Yuni na 2020 yana ceton ran masu korona da ciwonsu ya yi tsanani. A hannun likita magani ne, amma wadda ta mai da shi abin sha kullum don ta yi kumari, abin da take samu shi ne kumburin fuska da tarin ruwa a jiki, da hawan jini, da hauhawar sukari, da raunin ƙashi, da raunin garkuwar jiki. Magidancin da ya ji yadda gwiwoyinsa suka yi tsami a zaman wata biyu, ya kamata ya tuna da wadda ta shekara ashirin a haka, ya nema mata hanyar motsa jiki da ta dace da mutuncinta.

INDA HAƊARIN YAKE

Annobar da kanta ta nuna cewa ƙiba ba ado ba ce. Tun a watannin farko likitoci suka lura cewa, bayan tsufa, ƙiba da ciwon sukari da hawan jini suna cikin manyan abubuwan da ke sa cutar ta kwantar da mutum. Kitsen ciki yana danne huhu daga ƙasa ya hana shi buɗewa sosai, yana kuma sa jini saurin daskarewa a jijiyoyi. Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya kwanta a ɗakin masu tsananin ciwo a watan Afrilu na 2020, da ya warke ya faɗa da bakinsa cewa ƙiba ta yi masa yawa, kuma a watan Yuli gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirin yaƙi da ƙiba.

Mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarin Ingila. A watan Afrilu na 2020 an yi ta rasa dattawa, malamai da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, har masu haƙar kabari suka koka. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙidaya mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta jawo su, a jikin mutanen da dama suna fama da wasu cututtuka, yawancinsu kuwa sun haura shekara 65. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko babu annoba, hawan jini da ciwon sukari su ne ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, da ciwon ƙoda, da makanta, da yanke ƙafa, ga kuma kuɗin magani na kowane wata har iyakar rai.

BABBAR RIGA BA TA TONA ASIRI

Wani abin da ke ɓoye wa Bahaushe ƙibarsa shi ne suturarsa. Mai ɗaura bel da ya ƙara kilo biyu zai ji rami ya matsa. Mai wando da zariya kuwa sai dai ya ƙara saki, babbar riga ta rufe sauran, zane da hijabi ma haka. Sau da yawa tela ne ke fara sani, ran da ya ɗora awo ya ga na bara bai yi ba. Don haka ya kamata kowa ya auna kansa da gangan.

Likitoci suna da lissafi. A ɗauki nauyin mutum a kilo, a raba da tsawonsa a mita, a sake rabawa da tsawon. In amsar ta kai 25 nauyi ya wuce kima, in ta kai 30 ƙiba ta zama ciwo. Ga mai tsawon mita 1.70, wannan yana nufin kilo 72 da kilo 87. Wanda ba shi da sikeli kuwa igiya ta ishe shi. Ya auna tsawonsa da ita daga ƙafa zuwa ka, ya yanke, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita ɗan sama da cibiya. Idan bakin igiyar ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, to kitsen ciki ya yi yawa, domin ƙa'idar ita ce kada kewayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Haka kuma duk wanda ya kai shekara arba'in ya kamata a riƙa gwada masa jini da sukari, ko da yana jin garau, don hawan jini ba ya sallama.

ABIN YI

Maganin bai fi ƙarfin talaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau rabin awa sau biyar, yaro kuma awa ɗaya kowace rana. Tafiya da ɗan sauri, irin wadda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga, ta wadatar. Mai zuwa masallaci da babur ya ajiye shi ya taka. Mai mota ya sauka nesa kaɗan da inda za shi. Matan gida suna iya zagaya tsakar gida bayan sallar asuba, ko su haɗu da maƙwabta su taka tare zuwa islamiyya. Yara kuma a karɓe waya a sake su su yi langa da ƙwallo da tsallen igiya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wajen ci, hukumar ta ce kada gishiri ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali ɗaya, kuma a tuna dunƙulen miya ma yawancinsa gishiri ne. Sukari kada ya wuce ƙaramin cokali 12, in an rage zuwa shida ya fi, alhali kwalbar lemo ɗaya irin wadda aka saba tana iya ɗaukar cokali takwas ko tara. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuna daga 2022, amma harajin da ya fi aiki shi ne wanda mutum zai sa wa kansa. Abincin gargajiya kuwa ba shi da laifi in an bi shi yadda kakanni suka bi shi. Ga tuwon dawa da na gero da acca, ga wake, ga kwaɗon zogale da rama, ga miyar kuka da kuɓewa da yakuwa da kabewa, ga daddawa mai ba miya ɗanɗano. Abin da ake bukata shi ne a rage malmala, a yawaita ganye, a tsagaita mai, a sha fura ba tare da an tula mata sukari ba. Addini ma ya riga ya yi horo da a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Kada kuma a ruɗu da masu tallan shayin rage ƙiba da ke alkawarin narkar da tumbi a mako biyu. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan. Ba a kuma bukatar mutum ya koma kamar sanda. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su tafiyar minti 150 a mako da niyyar rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kilo shida ke nan da 'yan kai. Mai ciwon zuciya ko na sukari da ke shan magani, shi kam ya fara shawartar likitansa kafin ya sauya ci ko ya shiga motsa jiki mai ƙarfi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, tsadar mota ta mai da mutane da yawa tafiya a ƙasa ba da son ransu ba, tsadar abinci kuma ta ƙara tura gidaje ga cimar da ke cika ciki kawai. Babu mai yi wa talauci kirari, kuma hakkin hukuma ne ta sauƙaƙa wa jama'a abinci mai kyau, ta gyara gefen titi don masu tafiya, ta hana a yanka filayen wasan makarantu a mai da su shaguna. Amma abin da ke hannun magidanci yana hannunsa. Dokar da ta zaunar da shi an ɗage ta tun 2020, wadda ta rage ita ce wadda sabo ya sa masa, sabo kuwa an ce turken wawa ne. Masallaci na nan inda yake, gidan 'yan'uwa ma bai matsa ba, kuma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba da lafiya, ya kiyaye jama'a daga sake ganin irin wannan annoba, amin.